Yaya zan koyi tankaɗe da rairaya kafin in yanke hukunci a wurin aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Wata 8 ke nan da aka yi mini ƙarin girma na zama shugaban sashe, da mutum 11 a ƙarƙashina. A ɗan wannan lokacin na yanke hukunci biyu da har yanzu nake jin kunyarsu. Na farko, na sallami kamfanin da ke kawo mana kayan aiki na ɗauko wani, saboda wani abokin aikina ya ce sun fi sauri, sai ga shi sun fi na farkon jinkiri. Na biyu, na ba wata ma'aikaciya takardar gargaɗi a kan wani kuskure, daga baya ta bayyana ba ita ta yi ba. Shugabana ya kira ni ya ce in koyi tantance abu kafin in yanke hukunci, amma bai ce mini ga yadda ake yi ba. Shin wannan baiwa ce ko koyo ake yi? In koyo ake yi, ta ina zan fara? Kuma ina tsoron kada garin bincike in koma mai jan ƙafa, don aikinmu ba ya jira."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Idan na fahimce ka da kyau, so kake ka san yadda mutum zai saba wa kansa da auna labari kafin ya ɗora hukunci a kai, ba tare da aiki ya riƙa kwana a kan teburinsa ba. Koyo ake yi, wannan kam ka kwantar da hankalinka. Na shafe sama da shekara 20 tsakanin aikin binciken kuɗi da horar da manajoji, kuma munanan hukunce-hukuncen da na gani da idona, da yawansu masu kaifin basira ne suka yanke su. Mai kaifin basira yana da wata cuta: duk abin da ransa ya riga ya so, cikin minti biyar zai ƙera masa hujja mai kyan gani. Saboda haka ba ƙarin basira kake nema ba, wasu 'yan ɗabi'u ne da za ka riƙa tilasta wa kanka har su bi jikinka.

Kurakuranka biyu kuwa uwarsu ɗaya. Labari ne ya riga kowa zuwa kunnenka, ya zauna daram a ranka, sai ka daina nema. Daga nan duk abin da ka gani sai ya zama shaida a kan abin da ka riga ka yarda da shi.

Tambayar da ba ma son yi wa kanmu

A 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan mai suna Peter Wason ya yi wani ɗan gwaji da nake fara kowane horo da shi. Ya ba ɗalibai lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce akwai ƙa'idar da ya bi wajen jera su, su gano ta. Hanyar ganowar ita ce su riƙa kawo nasu jerin lambobi uku, shi kuma ya ce musu ya dace da ƙa'idar ko bai dace ba. Nan take mutum zai ce a ransa, ai ƙarin biyu-biyu ne. Sai ya kawo 8, 10, 12, a ce ya dace. Ya kawo 20, 22, 24, a ce ya dace. Sai ya bugi ƙirji ya faɗi ƙa'idarsa, a ce ya faɗi. Ashe ƙa'idar ba ta wuce lambobi uku su riƙa hawa sama ba, ko 1, 7, 300 ne. Mafi yawan ɗaliban sun kuskure a amsarsu ta farko, kuma dalili ɗaya ne: jerin da suke tsammanin za a ce ya dace kaɗai suke kawowa. Da ɗayansu ya gwada 3, 4, 9, jerin da ya saɓa wa zatonsa, aka ce masa ya dace, da nan take ya gane zaton nasa ya ƙuntata.

Duk lokacin da na yi wannan gwajin da manajoji, sai ka ga fuskarsu ta sauya idan na faɗi amsar. Wasu har musu suke yi da ni. Abin da ke ba su haushi shi ne sun yi bincike, sun tara "e" har biyar ko shida, amma "e" ɗin nan ba ta gaya musu komai ba.

Daga nan na ɗauko tambayar da nake ganin ita ce kan gaba a duk abin da zan faɗa maka: in da abin da nake zato ba haka yake ba, me ya kamata in gani? Sai ka tashi ka je ka duba ko abin yana nan. Ɗauki maganar ma'aikaciyar. Zatonka shi ne ita ta yi kuskuren. To in ba ita ba ce, me za a gani? Za a ga takardar ta bi ta hannun wani kafin ita ko bayanta, ko a ga irin kuskuren ya taɓa faruwa ranar da ba ta zo aiki ba, ko a ga bayanin da aka ba ta tun asali a karkace yake. Duba waɗannan ba zai ci maka rabin yini ba. Haka maganar masu kawo kaya: in sabon kamfanin bai fi tsohon sauri ba, za a samu abokan cinikinsa da suka sha jira. Ka nemi lambar mutum biyu ko uku da suke hulɗa da shi, waɗanda ba shi ya zaɓo maka su ba, ka kira su.

Gani, ji, da zato

Ɗabi'a ta biyu takarda da biro kawai take buƙata. Kafin hukunci mai nauyi, ka raba shafi gida uku. Gida na farko abin da ka gani da idonka ko yake rubuce a takardar da ka riƙe. Na biyu abin da aka faɗa maka, kowanne da sunan wanda ya faɗa. Na uku abin da kai ka ƙaddara. Ranar farko da ka gwada za ka sha mamakin yadda gidan farko zai kasance kusan fayau, na uku kuma ya cika har ya tumbatsa. A cikin kai duk ukun suna cakuɗe, launinsu ɗaya, kowanne ji kake "na sani". A takarda ne suke rabuwa.

Gida na biyu shi ne ya kayar da kai a maganar kamfanin. Malaman hadisi sun daɗe da warware mana wannan: ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi, yaya haddarsa take. Ka yi wa abokin aikinka irin wannan tambayar cikin ruwan sanyi. Shi da kansa ya yi hulɗa da kamfanin ko ji ya yi? Sau nawa? Irin kayanku ne suka kawo masa, kuma da yawa haka? Mutum zai iya gaya maka gaskiya tsantsa, cewa sun kawo masa kaya cikin kwana biyu, amma sau ɗaya ne, ƙaramin oda, a lokacin da suke neman kasuwa. Bai yi ƙarya ba. Kai ne ka ɗora wa maganarsa kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Sannan akwai tambayar da kunya ke hana mutane yi, ko mai ba da shawarar yana da wata riba a ciki. Yin ta a zuci ba zargi ba ne.

Bari in ba ka nawa, don kada ka ɗauka daga kan tudu nake magana. Wata shekara an kira ni wani kamfanin rarraba kaya, abokan ciniki suna ta ƙorafin kaya ba sa isa a kan lokaci. Manajan ya dire mini rejistar ƙorafi, ya riga ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunayen direbobi 3. Kusan duk shafin da ka buɗe sai ka ga ɗayansu. Ya ce rahoto kawai yake so wanda zai dogara da shi ya sallame su. Ni kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari, har na fara rubutun a daren. Ba wayona ne ya cece su ba. So na yi in ƙara wa rahoton ƙarfi da lokacin da kowannensu yake fita, sai na yi sammako na je wurin lodi da ƙarfe 6. Kafin 6 da rabi an gama loda motoci, an ɗaure tamfol. Sauran direbobi suka fice ɗaya bayan ɗaya. Mutanen nan uku kuwa suna zaune a kan benci, motocinsu a kashe, ɗayansu yana ta juya mukulli a ɗan yatsa. Na ce me kuke jira? Suka ce takardar fitar da kaya. Na bi sawun takardar har na tarar da ita a kan teburin akanta, a ofishin da ba a buɗe shi sai ƙarfe 8. Ashe kayan da suke ɗauka na abokan cinikin da ke karɓa bashi ne, kuma doka ta ce sai akanta ya duba asusun kowanne ya sa hannu. Sauran direbobi kayan waɗanda suka biya suke ɗauka, takardunsu tun yammacin jiya suke kammale. Da na tambayi dalilin da ya sa su ukun nan kullum ake ba kayan bashi, sai mai kula da sito ya ce ai su ne aka fi amincewa da su.

Amanar da aka ba su ce ta kusa cinye aikinsu. Rejistar ba ta yi ƙarya ba, sunayensu ne a ciki, amma da ni da manajan mun bar jaki muna dukan taiki. Gyaran da aka yi shi ne akanta ya riƙa sa hannu da yamma kafin ya tashi. Tun daga ranar, in aka kawo mini sunan mutum a matsayin dalilin matsala, sai na ci gaba da tambayar "don me" har in isa ga tsarin aikin. Kamfanin Toyota ya shahara da wannan, injiniyansu Taiichi Ohno yakan ce a maimaita "don me" sau biyar. Biyar ɗin ba farilla ba ce. Abin lura shi ne amsar farko kusan kullum sunan mutum ce, ta uku ko ta huɗu kuwa takan zama wata takarda ko wata doka da ba wanda ya tuna da ita.

Abin da babu shi a cikin fayil

Akwai kuma bayanin da ba zai taɓa zuwa teburinka da ƙafarsa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin lissafi, Abraham Wald, yana aiki da ƙungiyar masana ƙididdiga a Jami'ar Columbia da ke New York, aka kawo musu bayanan inda harsasai suka huda jiragen yaƙin da suka dawo. Hankali zai ce a ƙara sulke a inda ramuka suka fi yawa. Wald ya lura cewa jiragen da suka dawo kaɗai ake ƙirgawa. Inda ba a ganin ramuka da yawa, kamar wajen inji, ba wai ba a harbin wurin ba ne, jirgin da aka sama a nan ba ya dawowa balle a ƙirga shi.

A wurin aiki jiragen da ba su dawo ba suna da yawa. Abokin cinikin da ya ji haushi ya tafi shiru ba ya cikin rejistar ƙorafi. Ma'aikacin da ya ajiye aiki ba ya cikin waɗanda aka tambaya ko suna jin daɗin aiki. Kamfanin da ke neman kwangila kuwa ayyukan da suka yi kyau kaɗai zai jera maka. Duk rahoton da aka miƙo maka, kafin ka karanta abin da ke ciki, ka tambayi kanka waye ba shi da hanyar shiga cikinsa.

Wani tarkon kuma shi ne lambar farko da ta faɗo kunnenka. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun ba da labarin wani gwaji a 1974: a juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, wanda an shirya ya tsaya a 10 ko a 65, sannan a tambaye su kashi nawa na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen kashi 45, alhali kowa ya san faifan ba shi da alaƙa da tambayar. To ina ga farashin da ɗan kwangila ya fara ambata, ko wa'adin da shugaba ya jefo a tsakiyar hira? Maganin da nake amfani da shi mai sauƙi ne, ina rubuta nawa ƙiyasin kafin in buɗe ambulan kowa.

Ɗakin taro

Yanzu da ka zama shugaba, akwai abin da ya sauya wanda wataƙila ba ka lura ba: mutane sun fara karanta fuskarka kafin su yi magana. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Solomon Asch, ya nuna ƙarfin wannan a Amurka a farkon shekarun 1950. A zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna layuka a ce wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Sai sauran su riƙa ba da amsar da ba daidai ba da gangan. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya. Amma ɓangaren da ya fi amfani gare ka shi ne wannan: da aka sa mutum ɗaya tak a cikin rukunin ya faɗi amsar gaskiya, bin ra'ayin jama'ar ya ragu ƙwarai. Mutum ɗaya ya isa ya buɗe bakin saura.

Wannan fa tsakanin baƙi ne da ba mai iko da albashin wani. Inda akwai iko abin ya fi muni. A daren 27 ga Janairu 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon Challenger sun ba NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shawarar kada a harba shi washegari, saboda sanyi zai iya sandarar da zobunan robar da ke toshe mahaɗan rokokin. Sai magana ta juye. Maimakon masu son a tashi su kawo hujjar cewa babu haɗari, aka koma neman masu cewa a dakata su tabbatar da akwai shi. Manajojin kamfanin suka keɓe suka sauya matsaya. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse, mutum 7 da ke ciki duk suka mutu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa hankali ya fi karkata ga tafiye-tafiyen da aka ga lahani a zobunan, alhali da an jera duka tafiye-tafiye 24 da suka gabata tare da yanayin zafin ranar kowanne, da alaƙar sanyi da lahanin ta fi fitowa fili.

Saboda haka a taronka, ka zama na ƙarshe wajen faɗin ra'ayi, kuma ka fara da mafi ƙanƙanta a muƙami. In maganar mai nauyi ce, kowa ya rubuta matsayarsa a 'yar takarda kafin a buɗe baki. Akwai kuma dabarar da Gary Klein, wani masanin yadda mutane ke yanke hukunci, ya bayyana a 2007 wadda nake ganin babu mai arha kamarta. Bayan an tsara shiri amma kafin a zartar, sai ka ce wa jama'arka: mu ɗauka shekara guda ta wuce, shirin nan ya rushe warwas, kowa ya rubuta abin da ya rusa shi. Ka ba su minti biyar. Sirrin shi ne ka mayar da suka ta zama aikin da aka sa su. Wanda da can yake tsoron a ce masa mai baƙar aniya, yanzu gasa yake yi ya kawo dalilin da ya fi na kowa. Na taɓa ganin akawun da bai taɓa cewa uffan a taro ba ya rubuta layi ɗaya da ya sa aka ɗage wani shiri da wata guda, kuma ya yi gaskiya.

Sai dai duk wannan banza ne in ranar da aka kawo maka mugun labari ka ɗaure fuska. Sau ɗaya ya isa. Daga ranar za ka samu 'yan amshin shata, kuma kai ka haife su.

Tsoron jan ƙafa

Tsoronka yana kan hanya, don na ga waɗanda bincike ya zame musu mafaka, kullum a kafa kwamiti, kullum a jira ƙarin bayani, har dama ta wuce. Rashin yanke hukunci ma hukunci ne, kuma yana da nasa hasarar. Abin da zai raba ka da wannan shi ne ka daina ba kowane hukunci nauyi ɗaya. Ka tambayi kanka: in na yi kuskure, zan iya komawa? Yawancin abin da ke zuwa teburinka a yini ana iya warware shi gobe, kamar jadawalin aiki ko wanda zai riƙe wane fayil. Irin waɗannan ka yanke nan take da abin da ka sani, in ya karkace ka gyara. 'Yan kaɗan ne irin na rijiya, tsalle ɗaya ke jefa ka, tsalle dubu bai fitar da kai ba. Sallamar ma'aikaci, sa hannu a kwangila mai tsawo, rabuwa da wanda kuka daɗe kuna hulɗa, zubar da mutuncin wani a rubuce. Su ne suka cancanci takarda mai gida uku da kwana ɗaya na jinkiri. Hukuncinka biyu duk na rijiya ne, ka yi musu saurin da ya dace da jadawalin aiki.

Sau da yawa ma ana iya mayar da na rijiya ya zama mai komawa. Da ka ba sabon kamfanin ƙaramin oda sau biyu ko uku kana riƙe da tsohon, da ka ga jinkirinsu ba tare da ka yi hasarar komai ba. In aka ce maka zaɓi biyu ne kawai, wannan ko wancan, ka yi shakka, galibi akwai na uku da ba wanda ya ambata.

Za ka ji wasu tsofaffin hannu suna cewa su jikinsu ne ke ba su, ba sa buƙatar wannan dogon lissafi. Wani lokaci gaskiya suke faɗa. Klein ya yi shekaru yana nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana, waɗanda ke yanke hukunci daidai cikin daƙiƙoƙi, shi kuma Kahneman ya shafe rayuwarsa yana nuna yadda jin jiki ke yaudarar mutane. A 2009 suka zauna suka fitar da matsaya ɗaya: ana iya dogara da jin jiki in aikin yana da alamomin da ke maimaituwa, kuma mutum ya daɗe yana yi yana ganin sakamakon hukuncinsa da wuri kuma a fili. Makanikin da ya saurari inji dubu ya cika sharaɗin. Kai a tsohon aikinka mai yiwuwa ka cika shi. Amma a zaɓen ɗan kwangila da hukunta ma'aikata wata 8 gare ka, jikinka bai ga isasshen abin da zai ba ka labari ba tukuna, ko da kuwa yana magana da ƙarfi.

Littafin da zai ba ka kunya

Ka ce ta ina za ka fara. In abu ɗaya kawai za ka ɗauka, ka sayi ƙaramin littafi. Duk hukunci mai nauyi ka rubuta kwanan wata, abin da ka yanke, dalilinka a layi uku, abin da kake tsammanin zai faru da lokacin da zai faru, sai kuma yawan tabbacinka, kashi 60 ne ko 90. Bayan wata uku ka dawo ka karanta. Dalilin rubutun shi ne ƙwaƙwalwa tana gyara tarihi a ɓoye. Da zarar sakamako ya fito sai mutum ya ji ai dama ya san haka za a yi, abin da wani masani, Baruch Fischhoff, ya nuna da gwaji tun 1975. Rubutun hannunka kuwa ba ya sauya magana. Ni shekarata ta farko da littafin nan ba ta yi mini daɗi ba. Abubuwan da na sa wa kashi 90, waɗanda suka saɓa sun fi ƙarfin a kira su tsautsayi, kuma na gano inda na fi kuskure shi ne ƙiyasin lokaci, kullum ina rage shi. Yanzu in zan ce aiki zai ɗauki sati biyu, sai na fara duba nawa irinsa ya ɗauka a baya.

Littafin zai kuma koya maka raba kyan hukunci da kyan sakamako. Wani zai yi ganganci sa'a ta rufa masa asiri, wani ya bi duk ƙa'ida abu ya ƙi. In sakamako kaɗai kake dubawa, za ka yaba wa na farko ka hukunta na biyu, shekara mai zuwa kuma kowa ya koyi ganganci.

Kada in yi maka alkawarin da ya wuce kima. Sanin sunayen waɗannan tarkuna ba ya hana faɗawa cikinsu. Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002 a kan wannan fanni, ya sha faɗin cewa nasa tunanin bai tsira daga gare su ba. Laifi tudu ne, bayan karanta wannan za ka fara hango son zuciyar shugabanka da na abokan aikinka tar, naka kuwa kana tsaye a kansa. Shi ya sa ban cika dogara da kwas na kwana biyu ba, na fi dogara da abin da ke wajen kai: takarda, littafi, da abokin da ka ba izinin ya ce maka ka yi kuskure ba tare da ya ji tsoro ba. Sannan in ma'aikatar taku irin wadda ake hukunta mai kawo mugun labari ce tun daga sama, abin da za ka iya gyarawa sashenka ne kawai. Kuma ka tuna ɓangarenka kaɗai na ji, don haka abin da na ce game da hukuncinka biyu ka sa shi a gida na biyu na takardarka, ka auna shi kamar kowace magana.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan tsallake shi ba, wato ma'aikaciyar nan. In takardar gargaɗin tana cikin fayil ɗinta har yanzu, ka janye ta a rubuce, ka tura kwafi duk inda ka tura ta farko. Ka kira ta ka ba ta haƙuri kai tsaye, ba tare da "amma" ba. Mutum 10 da suka rage suna kallon yadda za ka yi, kuma daga nan za su yanke ko gobe za su iya kawo maka labarin da ba ka so. In ta sauko, ka tambaye ta yadda kuskuren ya faru tun daga farko, takardar ta hannun wa da wa ta bi, ka yi shiru ka rubuta. Ina kyautata zaton ta san amsar tun ranar da ka miƙa mata gargaɗin.